Kiristal ɗin da mayen ƙarfe ba ya ja, me ake nema a cikinsa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibar fiziks ce a Aliero. An ba mu aiki kan antiferomagnet. Tunda mayen ƙarfe ba ya jan su, don me masu bincike ke jefa su cikin maganaɗisu mai ƙarfi suna aika musu haske?

Amsa: 'Yata, tambayarki ta faranta mini rai, don ni ma a nan na daɗe ina tuntuɓe lokacin ɗalibta.

Kin taɓa ganin kifi jere a kwando a kasuwar Yawuri, kan wannan wajen wutsiyar wancan? Haka ƙananan maganaɗisun atom suke zama a irin wannan kiristal: ɗaya na kallon sama, maƙwabcinsa na kallon ƙasa. Ƙarfinsu na kashe juna, sai a ga kamar babu komai daga waje, alhali cikin a shirye yake tsaf. Bafaranshe Louis Néel ne ya hango wannan a shekarun 1930, Shull da Smart suka tabbatar da shi a 1949 da niyutiron, wato wasu ƙwayoyi na cikin atom, a kan kiristal ɗin MnO, haɗin manganis da oksijin, Néel kuma ya sami kyautar Nobel a 1970.

Ɗauki kiristal ɗin MnF2, haɗin manganis da fulorin. Ba ya shiga wannan jeri sai sanyi ya kai kelbin 67, kusan digiri 206 ƙasa da sifiri. Idan aka sa masa maganaɗisu daidai layin da ƙananan maganaɗisunsa suke tsaye, da farko ko gezau. A ci gaba da ƙarawa. Da an kai wajen tesla 9 (tesla ma'aunin ƙarfin maganaɗisu ne), sai duk su kwanta a gicciye lokaci guda, suna ɗan karkata wajen maganaɗisun, don a kwance suna iya biye masa kaɗan ba tare da sun saɓa wa juna ba. Wannan kifewar ce sauyin da ake nema. Ki tuna na'urar MRI ta asibiti yawanci tesla 1.5 ce ko 3.

Ina hasken ya shigo? A ganina nan ne daɗin aikin. Maganaɗisun nan suna rawa, kuma rawar tana da kiɗanta. A MnF2 suna shanye igiyar maikirowef, wani irin haske da ido ba ya gani, mai bugu kusan gigahaz 260 (gigahaz ɗaya bugu biliyan ɗaya ne a daƙiƙa). Da an sa maganaɗisu, layin shanyewar, wato bugun da suke shanyewa, ya rabu biyu, ɗaya na hawa, ɗaya na sauka da kimanin gigahaz 28 a kowace tesla. Raba 260 da 28 da kanki: 9 da 'yan kai. Wato inda layin ƙasa ya kusa taɓa sifiri, nan jerin ke kifewa. Daga waɗannan layuka ake lissafa ƙarfin da ke tsakanin maƙwabta da wanda ke riƙe su a tsaye.

A aikin naki kada ki manta da hematayit, wanda ke cikin jar ƙasarmu da tamar maƙera. Shi sanyi kaɗai ma ya isa ya juya nasa, a wajen kelbin 260.