Tambaya da Amsa: Risalata ta ɓace a cikin filash

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Madina, ina rubuta risalar majistir. Na kai filash ɗina shagon buga takardu, da na dawo sai na tarar duk foldodin sun koma wasu alamomi masu 'yar kibiya a gefe, ba sa buɗuwa. Babi uku na risalata na ciki. Abokina ya ce in yi fomat in huta. Kwamfutar ma ta yi nauyi tun da wani ya saka mini Office ɗin da ba a saya ba. Ina mafita?
Ɗalibi daga Madina

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Don Allah kada ka yi fomat. Fomat ɗin ne zai raba ka da aikinka. Wannan nau'in bairos ɓoye fayiloli yake yi, ya ajiye na bogi masu sunansu. Duba nauyin filash ɗin: in har yana nuna akwai kaya a ciki, to babobinka suna nan daram. Kuma ka daina latsa masu kibiyar nan, don kowane latsi yana sake tayar da bairos ɗin.

Fara da wanke kwamfutar, in ba haka ba ko ka gyara filash ɗin za ta sake harbinsa. Cire filash ɗin, ka sabunta Windows, sannan ka shiga Windows Security, ɓangaren kariya daga bairos, ka zaɓi Microsoft Defender Offline. Kwamfutar za ta mutu ta tashi da kanta, ta yi bincike na kamar minti 15 kafin Windows ta gama farkawa, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Ka ƙara da riga-kafin bairos na Malwarebytes na kyauta daga shafin kamfanin kansa.

Sai ka mayar da filash ɗin, ka lura da harafin da aka ba shi, a ce E. Buɗe cmd, wato tagar rubuta umarni ta Windows, ka rubuta wannan daidai, sai dai ka sa harafin filash ɗinka a madadin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Foldodinka na gaskiya za su fito, wani lokacin a cikin wata folda marar suna. Kwashe su, ka tura wa kanka ta imel, ka buɗe kowane babi ka ga yana nan lafiya. A nan ne shawarar abokinka za ta yi amfani, sai ka yi wa filash ɗin fomat.

Amma abin da ya fi damuna shi ne Office ɗin nan. Mai saka irin wannan manhaja yakan kashe kariyar kwamfuta tukuna, wai don kada ta hana shi aiki. Kamar mutum ne ya sallami maigadi don baƙo ya ce yana takura masa. Ta wannan ƙofar ake shigo da masu satar kalmomin sirri da aka adana a burauza, da masu kulle fayiloli su nemi kuɗin fansa irin STOP/Djvu, wanda shi ba umarnin cmd da zai buɗe maka. Kai kuwa a wannan kwamfutar kake shiga Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, da banki, da imel ɗin jami'a. Yau ɗin nan ka canza kalmomin sirrinsu ta wayarka. Cire Office ɗin, ka koma LibreOffice, kyauta ne kuma yana rubuta Larabci daga dama zuwa hagu, ko Word na intanet. Maktaba Shamila ma, manhajar littattafan Musulunci, daga shafinta za ka sauke, ka bar kwafin da ake yawo da shi a filash. In Windows 10 gare ka, ka sani Microsoft ta daina tallafa mata na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, gara ka hau 11 in na'urarka za ta ɗauka. Allah ya ba da sa'ar munaƙasha, wato kare risala.

Tambaya: Malam, kwamfutar yarana kullum sai ta riƙa fito da saƙo a gefe wai bairos ya kama ta, a latsa nan a biya. In biya ne?
Wata uwa daga Jidda

Amsa: Hajiya, ko riyal ɗaya kada ki biya. Yawanci wani shafi ne yaran suka amince ya riƙa turo sanarwa yayin neman wasa ko bidiyo, shi ne yake sojan gona da sunan kamfanin riga-kafi. A shiga saitin Chrome, ɓangaren sanarwar shafuka, a toshe duk wanda ba ki sani ba, sannan a wanke kwamfutar da manhajar AdwCleaner, ita ma kyauta ce. Ki buɗe wa yaran nasu asusun a kwamfutar, wanda ba zai iya saka yawancin manhajoji ba sai da kalmar sirrinki.