Amsa ga mai son canza sifikar akwatin jita

Ƙanena, na ga tambayarka: akwatinka mai sifika biyu ne 'yan inci 12, ɗaya ta yage, kana so ka san ko sifika samfurin Vintage 30 za ta zauna da samfurin Greenback ɗin da ta rage. Za ta zauna, amma kada ka hau motar kasuwar Alaba tukuna.

Kwance bayan akwatin ka karanta abin da ke jikin maganaɗisun sifikar: om (ma'aunin turjiyarta ga wuta) 8 ne ko 16? Sabuwar dole ta zo daidai da tsohuwar. Biyu masu 16, in ka haɗa jar waya da ja, baƙa da baƙa, suna ba da 8. Biyu masu 8 a wannan haɗin 4 za su ba ka, in ka jera su ɗaya na bin ɗaya kuma 16. Abin da ya fito shi za ka daidaita da ramin da ke bayan amfi, wato na'urar ƙara murya. In rubutun ya goge, ɗora mitar awon om. Mai 8 za ta nuna wajen 6 ko 7, lafiyarta ƙalau, haka suke.

Amfinka in mai bawul ne, wato kwalaben gilashin nan da ke ciki, kada ka kuskura ka kunna shi babu sifika. A nan na sha kashi. Muna shirin wasan biki a Agege, na cire sifika na manta ban mayar da waya ba, ina ta kaɗa jita ina mamakin shirun. Ƙauri ne ya ba ni amsa. Taransifomar amfin ta ƙone, kuɗin bikin duk a wurin mai gyara ya ƙare.

Batun murya kuwa, duka biyun na Celestion ne, amma halinsu daban. Greenback wat 25 ce, muryarta da taushi, ka matsa mata kaɗan ta dishe, kuma ni dishewar nan ce ke min daɗi. Vintage 30, sunan kada ya ruɗe ka, wat 60 ce. Tana da kaifi, tana ratsa ganguna har na bayan rumfa ya ji ka, sai dai a ƙaramin ɗaki takan soki kunne. Ta fi ƙara, don haka za ta ɗan danne abokiyar zamanta. Kuma lissafinka ba 85 ba ne, 50 ne, domin wutar rabuwa take biyu daidai, ƙaramar ce za ta fara ƙonewa.

In ka gama haɗi, taɓa wayar akwatin da batir mai bolt 9, ka ga takardun fuskar sifikun biyu sun tura waje tare. In ɗaya ta shige ciki, juya wayarta, in ba haka ba kaurin muryar zai zube. Sabuwa takan zo da tauri, ba ta makonni kana kaɗawa kafin ka yanke mata hukunci.

Akwatina haɗin nan ne a ciki. In hanya ta biyo da kai Agege ranar Lahadi bayan la'asar, taho da jitarka ka ji da kunnenka kafin ka fitar da kuɗi.