Fayil ya ɓace, tarihin Git ya yi gum

Wani ƙanenmu da ke aikin rubuta manhaja a ƙasar waje ya aiko da damuwarsa. Fayil ya ɓace daga babban reshen aikinsu a Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen aiki, inda kowa ke iya aiki a reshensa daban kafin a haɗa. Ya buga git log, umarnin duba tarihi, da sunan fayil ɗin bai ga inda aka goge shi ba, shugaban sashensu kuwa shi yake kallo, don shi ne na ƙarshe da ya taɓa fayil ɗin. Bai gama watannin gwaji ba, takardar zamansa kuma a kan aikin take rataye.

Ƙanena, kwantar da hankalinka. Kada ka ɗauki laifi, kada kuma ka ɗora wa kowa tukuna.

Git taƙaita tarihi yake yi idan ka ba shi sunan fayil. Da ya iso mahaɗar rassa biyu, sai ya bi reshen da ya yi daidai da sakamakon haɗin, ya bar ɗayan. In a reshenka kaɗai fayil ɗin yake, mai haɗawa kuma ya yar da shi, to duk aikinka ya fita daga lissafi. Ga shi kuma bai saba nuna abin da ya canza a cikin haɗin kansa ba sai an matsa masa. Buga wannan:

git log --full-history -m --diff-filter=D --name-status -- sunan_fayil

--full-history zai hana shi tsallake reshe, -m kuma zai auna haɗin da kowane reshe daban.

Amma a nan mutane ke yin gaggawa. Ganin harafin D, alamar gogewa, a gaban haɗi ba ya nufin mai haɗin ne ya yi ɓarna. Wataƙila gogewar da aka yi da gangan a wancan reshen ce ta biyo shi. In Git ɗinka ya kai 2.36, wanda ya fito a 2022, buga git show --remerge-diff da lambar haɗin, wato lambar shaidarsa da git log ya nuna. Zai sake haɗawa da kansa, ya nuna maka abin da hannun mutum ya sauya kawai.

Maido da fayil ɗin abu ne mai sauƙi: git restore --source=lamba^1 -- sunan_fayil, ko ^2 in a reshe na biyu yake.

Daga nan ka rubuta wa shugabanka gajeren saƙo, ba da baki ba: lambar haɗin, ranar da aka yi shi, da yadda ka maido. Sunan wanda ya haɗa kuwa kada ya fito daga bakinka, duk wanda ya buɗe lambar zai gan shi.