Amsa ga mai shagon da ba ya fitowa a Google

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana gyaran waya a Farm Centre ta Kano, in an nemi mai gyara a Google maƙwabtanka ne ke fitowa ban da kai, har wani ya ce ka kawo kuɗi ya haɗa maka shafin intanet. Riƙe kuɗinka tukuna.

Shagunan nan uku da ke fitowa tare da taswira, daga Google Business Profile ake ɗauko su, wato shafin da Google ke ba masu sana'a, kuma buɗe shi kyauta ne. Google sun ce abu uku suke dubawa: dacewar sana'arka da abin da aka nema, tazararka da mai neman, sai yadda aka san ka. Tazara ba ta hannunka. Wanda ke Kabuga na kusa da shi zai fara gani. Sauran biyun za ka yi wa aiki.

Fara da babban rukunin sana'a da za ka zaɓa a shafin, nan aka fi yin kuskure. Mai gyaran waya ya zaɓi rukunin kayan lantarki don ya ga ya fi faɗi, sai ya ɓace a tsakanin masu firiji da fanka. Zaɓi na gyaran waya kai tsaye. In kana sayar da caja da gilashi, akwai gurbin ƙarin rukuni har 9, amma abin da kake yi kawai za ka sa.

Sai alamar taswira. Adireshinmu na "bayan masallaci, daura da gidan mai" manhaja ba ta gane shi, takan jefa alamar tsakiyar titi. Tsaya a bakin ƙofar shagon ka ja ta da hannunka, ka rubuta sunan filaza da lambar shago. In an nemi tantancewa ta bidiyo, ɗauka a tafiya ɗaya ba yankewa: layin, allon suna, kana buɗe kwado, sannan teburin aiki. Sunan allon ya zo daidai da wanda ka rubuta. Masu cusa "mai arha a Kano" cikin suna kan hau sama na ɗan lokaci, amma karya dokar Google ne, ana dakatar da shafi a kansa, kuma dawo da shi jan aiki ne.

Ra'ayoyin kwastomomi su ne gishirin. Lokacin roƙo shi ne sa'ad da mutum ya karɓi wayarsa ya ga ta kawo wuta. Nan take ka tura masa mahaɗin rubuta ra'ayi a shafinka ta WhatsApp. Biyu ko uku a mako, ba fashi, sun fi ashirin da yaran shago suka zuba rana ɗaya, don waɗannan sau da yawa share su ake yi. Biyan kuɗi ko ragi don a yabe ka ma an hana. Wanda ya kushe, ba shi amsa cikin mutunci, masu zuwa suna karantawa.

Lokutan buɗewa ma a gyara: Juma'a ka raba ta biyu saboda masallaci, ranakun Sallah ka sa na musamman. Lambar waya ɗaya ta kasance a allo, Facebook da Instagram.

Bayan 'yan makonni ka gwada, amma ba daga cikin shago ba, don a nan kusanci zai ruɗe ka. Sa wani ya nema daga Zoo Road ko Hotoro ya turo maka hoton abin da ya gani.