Amsa ga mai tambaya kan bidiyon walima da ya ƙi buɗewa a kwamfuta

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a karatun yarinya. Na fahimci matsalar kamar haka: ƙaninka ya ɗauki bidiyon walimar saukar karatun yarinyar da wayarsa iPhone, ka kwashe zuwa kwamfuta, yawancinsu murya kawai suke bayarwa allo kuma baƙi ƙirin, guda ɗaya ya ƙi buɗewa sam. Ka canza ƙarshen sunansa daga .mov zuwa .mp4 bai yi ba, yanzu kuma wani ya ba ka shawarar a yi wa kwamfutar fomatin.

Don Allah kada ka yi fomatin. A iya abin da ka bayyana, kwamfutarka lafiyarta ƙalau, kuma ko an yi mata fomatin bidiyon nan haka zai ci gaba da yi, sai dai ka ƙara asarar wasu kayan. Ka kira ƙaninka yau ka ce masa kada ya goge komai a wayar sai an gama. Haɗa bidiyon biki da na taro ita ce sana'ata, kuma abin da ya fi ɓata mini rai shi ne mutum ya zo da fayil ɗin da ya lalace, in tambaye shi ina na asali, ya ce ai an goge don waya ta cika.

Haruffan da ke bayan ɗigo a sunan fayil, .mp4, .mov, .mkv, .avi, .3gp, suna faɗa wa Windows ne wace manhaja za ta kira ta buɗe shi. Iyakar aikinsu ke nan. Kamar rubutun jikin buhu ne: in ka goge "gero" ka rubuta "shinkafa", abin da ke ciki yana nan geronsa. Shi fayil ɗin bidiyo mazubi ne, a cikinsa akwai hoto da aka matse ta wata hanya, da sauti da aka matse ta wata hanyar dabam. Hanyar matsewar ita ce kodek. Manhaja tana iya gane mazubin ta buɗe shi, ta gane kodek ɗin sauti, amma ta kasa warware na hoto. Sai ka ji murya ba ka ga kowa ba. Abin da ke faruwa da kai ke nan. Canza sunan da ka yi bai ɓata komai ba, domin MP4 daga tsarin MOV na kamfanin Apple aka samo shi, kusan ginin ɗaya ne. Mayar da shi .mov yadda yake, don kada mu rikice a gaba.

Tun daga iOS 11, wato babbar manhajar iPhone da ta fito a shekarar 2017, iPhone tana ɗaukar bidiyo da kodek ɗin HEVC, wanda ake kuma kira H.265. An fitar da shi a 2013 don ya gaji H.264 na 2003, kuma yana matse bidiyo ya kai kusan rabin girman na da, ingancin hoto bai ragu ba. Matsalarsa akwai kuɗin lasisi a kansa, shi ya sa kwamfutoci da yawa masu Windows 10 ba sa zuwa da shi. In ka buɗe bidiyon da manhajar da ta zo da Windows, sau da yawa za ka ga lamba 0xc00d5212, wato ba ta da kodek ɗin. Microsoft suna sayar da shi a shagonsu da sunan HEVC Video Extensions, kuɗinsa bai kai dala ɗaya ba, amma sai kana da katin da ke biya a waje, kuma a ganina ba ka buƙatarsa.

Sauke VLC, manhajar kallon bidiyo mai alamar mazugin lemo irin na kan titi. Kyauta ce, ɗalibai ne suka fara ta a wata makarantar injiniyoyi a Faransa, kuma tana zuwa da nata kodek a cikinta, ba ta dogara da na Windows ba. Ka ɗauko ta daga videolan.org kai tsaye. Na jaddada wannan domin akwai shafukan da ke cusa wasu tarkace a ciki su ba ka da sunanta. In ta sauka, danna dama a kan bidiyon, zaɓi Open with, zaɓi VLC. Yana cikin tafiya ka danna Ctrl da J tare. Wani akwati zai fito ya nuna maka kodek ɗin hoto, da na sauti, da girman hoton. Wannan akwatin shi nake fara dubawa kafin in taɓa komai a duk bidiyon da aka kawo mini, domin shi ne ke faɗin gaskiyar abin da ke cikin fayil.

Yanzu, mai yiwuwa VLC ta nuna hoton amma yana tsinkewa, murya ta yi gaba hoto yana binta a baya, ko ya riƙa farfashewa da launin toka, fanka kuma tana ta ihu. Ba ka faɗi irin kwamfutarka ba, amma in irin na hannun nan ce da suka cika kasuwa, Core i5 ƙarni na biyu ko na uku, to ƙarfinta ne bai kai ba. Sai daga ƙarni na shida, wajen 2015, furosesar Intel, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, ta samu sashe na musamman mai warware HEVC. Waɗanda suka girme shi da ƙarfin tsiya suke yi, kuma in bidiyon 4K ne ba za su iya ba. Kana iya gwadawa a VLC ka shiga Tools, Preferences, Input / Codecs, ka kashe Hardware-accelerated decoding, wani lokaci yana gyara koren allo da farfashewa. In bai yi ba, kada ka wahalar da kanka da sauke manhajoji goma. Juya bidiyon za ka yi zuwa H.264.

Ni HandBrake nake amfani da ita, ita ma kyauta ce, a handbrake.fr. Ka jefa bidiyon ciki, ka bar ta a Fast 1080p30, ka tabbata MP4 aka zaɓa, ka nuna mata wata folda dabam, ka danna Start Encode. Wannan ita ce juyawa ta gaske, ana kwance hoton a sake matse shi, shi ya sa take ɗaukar lokaci. A tsohuwar kwamfuta bidiyon rabin awa yana iya cin fiye da awa guda, don haka ka fara lokacin da kake da wuta ko batiri a cike, in ta mutu a tsakiya daga farko za ka koma. Abin da zai fito zai buɗe a kusan kowace talabijin mai ramin filashi, da ƙananan wayoyi, da kwamfutar kowa. Na asalin kuma ka ajiye shi, kada ka goge. In ka ga launin bidiyon ya koɗe kamar an wanke shi, HDR ne, wani tsarin ƙara haske da launi, iPhone 12 zuwa sama suna ɗauka da shi, sai ka faɗa mini in nuna maka inda ake gyarawa. Shi kuma ƙaninka, don gaba, ya shiga Settings, Camera, Formats, ya zaɓi Most Compatible. Wayar za ta koma H.264, za ta fi cin wuri, amma kowa zai iya kallo.

Guda ɗayan da ya ƙi buɗewa sam shi ya fi damuna, domin alamarsa dabam ce. Fayil ɗin da ko murya ba ya bayarwa, a mafi yawan abin da na gani, bai gama kwafuwa ba ne. Danna dama a kansa, shiga Properties, duba girmansa, sannan ƙaninka ya duba girman na wayar. In na wayar ya haura gigabait ɗaya naka kuma 'yan megabait ne, ko ma 0 KB, to ka samu amsa. Akwai wani saiti a iPhone da ke yawan jawo haka. A Settings, Photos (daga iOS 18 zuwa sama yana Settings, Apps, Photos), can ƙasa inda aka rubuta Transfer to Mac or PC, in yana kan Automatic wayar tana ƙoƙarin juya bidiyon a daidai lokacin da ake kwafa, in dogo ne sai ta yanke a hanya. Ya mayar da shi Keep Originals, ya cire kebul ya sake sawa, ya bar wayar a buɗe har a gama. Kebul mai kwance-kwance ma yana yi.

In ta filashi bidiyon ya biyo, duba abu biyu. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce gigabait 4, ko da akwai sauran wuri, sai an mayar da shi exFAT ko NTFS, kuma fomatin da ake yi don mayarwar yana share abin da ke ciki, a kwashe tukuna. Na biyu shi ne jabun filashi da memori, waɗanda aka rubuta 64GB a jiki alhali ainihin cikinsu bai kai kusa ba. Za ka ga sunayen fayil a jere da girmansu daidai, amma duk abin da ya wuce ainihin cikin ya tafi. Wata 'yar manhaja mai suna H2testw tana cika filashi da bayanai ta sake karantawa, ta faɗa maka gaskiyar girmansa. Duk sabon memori sai na gwada shi da ita kafin in sa a kyamara, domin biki ba a maimaita shi.

Akwai kuma yanayin da ko a wayar ma ba ya buɗewa. MP4 da MOV suna da wani sashe mai suna moov, shi ne jadawalin da ke nuna inda kowane hoto yake a cikin fayil, kuma waya ko kyamara tana rubuta shi ne bayan an danna tsayawa. In batiri ya mutu ana cikin ɗauka, hotunan suna nan amma jadawalin babu. Na taɓa karɓar irin wannan daga wani ɗaurin aure, fayil mai nauyi sosai amma babu manhajar da ta yarda ta buɗe shi. Da wata manhaja mai suna untrunc na ceto shi. Ana ba ta lalataccen fayil ɗin tare da wani lafiyayye da aka ɗauka da waccan na'urar a saiti ɗaya, sai ta duba lafiyayyen ta sake gina jadawalin. Ba kullum take nasara ba, a wancan aikin ma ƙarshen addu'a ya ɗan yanke, amma iyalan sun samu bidiyonsu. In ya kai ga haka, a kan kwafi ake aiki, ba a kan na asali ba.

Tunda ka iya canza .mov zuwa .mp4, alama kwamfutarka tana nuna ƙarshen suna. Sauran 'yan'uwa masu karantawa, Windows ɓoye shi take yi tun daga farko, kuma ina roƙon kowa ya buɗe shi. A Windows 10 ka buɗe kowace folda, ka danna View, ka sa alama a File name extensions. A Windows 11 yana ƙarƙashin View, Show. Dalilina shi ne in yana ɓoye, fayil mai suna walima.mp4.exe zai fito maka a walima.mp4 kawai, ka danna da niyyar kallo ka kunna wa kanka bairos. Tsohuwar dabara ce, da ita bairos ɗin ILOVEYOU ya shiga miliyoyin kwamfutoci a watan Mayun 2000, da fayil mai ƙarewa da .txt.vbs. A nan wajenmu wanda ya fi yawa shi ne na filashin da ya zaga shagunan turi da na buga takardu, ka ga foldojinka sun koma shotkot masu 'yar kibiya a gefe, kowanne 1 KB ko 2 KB. Bidiyo ba ya ƙarewa da .exe, .scr, .vbs ko .lnk. Haka duk shafin da ya ce sai ka sauke wani kodek nasa kafin ka kalli bidiyo, rufe shi. Wanda kuma ya ƙare da .crdownload ko .part ba cuta ba ce, saukewa ce ba ta kammala ba a Chrome ko Firefox, a sake saukewa.

Na ga wani ɗan'uwa ya ce a tura bidiyon ta WhatsApp zai buɗe. Gaskiya ya faɗa, domin WhatsApp tana sake matse shi zuwa tsarin da kowace waya ke ganewa. In don a nuna wa dangi ne a waya, ya wadatar. Amma tana rage ingancin sosai, fuskokin da ke nesa sai su dagule, don haka ba shi za ka ajiye wa yarinya ba. In dole sai ta WhatsApp ƙaninka zai aiko maka na asali, ya tura shi a matsayin Document, a nan ba ta taɓa shi.

Ka gwada VLC a daren nan, ka ɗauko hoton akwatin Ctrl da J na ɗaya daga cikin masu baƙin allo, da girman wancan guda ɗayan a waya da a kwamfuta, da sunan furosesarka. Da su zan gane ko juyawa kawai za a yi ko sai an sake kwafowa daga wayar.