Fatawa: Idan na kai ƙarar malamina kan dukan almajiri, na ci amanarsa?

Tambaya: Allah gafarta Malam, ni gardi ne a wata makarantar allo a Marwa, ƙasar Kamaru. Malaminmu ya zane wani ƙolo ɗan shekara bakwai da dorina saboda ya kasa hadda, har bayansa ya farfashe, kunnensa ya kumbura. Iyayensa na ƙauye. In na gaya musu, ba gulma na yi ba?

Amsa: Ɗana, gaya musu wajibi ne a kanka. Malamai sun cire neman taimako don kawar da ɓarna daga cikin giba, kuma amanar da ke wuyanka yau ita ce yaron nan da ba shi da bakin magana. Annabi (SAW) ya ce dukkanku makiyaya ne, kowa za a tambaye shi kiwonsa. Gardi ma makiyayi ne.

Masu kafa hujjar dukan yara da hadisin Abu Dawud su sake duba shi: duka a kan sallah sai a shekara goma. Wannan yaro bakwai gare shi, kuma ba sallah ya bari ba, harshensa ne ya yi nauyi. Anas ya yi wa Annabi hidima shekara goma, ko "tir" bai taɓa ce masa ba. Ko a mazhabarmu ta Malikiyya, Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, a Adabul Mu'allimin, bai yarda malami ya wuce bulala uku ba sai da izinin uba, ya hana duka cikin fushi, ya hana taɓa kai da fuska. To ina dorinar da ke fitar da jini? Na sha jin ana cewa "mu ma haka aka yi mana". An yi mana, amma nawa daga cikinmu suka gudu daga allo har abada?

Dokar ilimi ta Kamaru ta 1998, a sashe na 35, ita ma ta haramta azabtar da jikin ɗalibi.

Fara da kai yaron asibiti a duba kunnen yau. Sannan ka keɓe da malam, ka yi masa nasiha cikin ladabi, kada ka tozarta shi a gaban almajirai. Iyaye kuwa sai sun sani, ko ya karɓi nasiha ko bai karɓa ba. In ya maimaita, ka kai magana wurin jauro (mai unguwa) ko limamin unguwa, in abin ya ƙi ci, ofishin kula da jin daɗin jama'a. Kuɗin magani yana kan wanda ya yi raunin.

Wallahu a'alam.