Ba virus ba ne, ga abin da ke sa salula nauyi in ta daɗe

Salamu alaikum ɗan uwa. Ka ce salularka da tana sabuwa gudu take, yanzu ko WhatsApp ka taɓa sai ka jira, kana tambaya ko virus ne. Ni gyaran salula da kwamfuta nike yi nan Tahoua, kuma wallahi yawancin waɗanda ake kawo mini da wanga kuka ba virus a ciki.

Fara duba memuwa, wato wurin da waya ke ajiye hotuna da bidiyo. Gurup na dangi, na wa'azi, na ƴan kasuwa, kowa na turo bidiyo da murya, waya na saukewa da kanta, sai ka iske giga 32 saura ƴan mega, ita kuwa memuwar salula in ta cika kafin ta rubuta sabon abu sai ta kwashe ta goge ta yi wuri, can lokacin ke tafiya. Ka kashe saukewa da kanta cikin WhatsApp, ka bar mata fili ko giga 3 ne. Sannan aplikasiyon kullum ƙara nauyi suke, Facebook na bana ba na shekara biyar baya ba ne, amma RAM ɗinka, wato wurin da waya ke riƙe aikin da take yi a lokacin, in giga 2 ce tana nan yadda take, jakin bai ƙaru ba kaya ne ke ƙaruwa. Facebook Lite ya ishe ka.

Amma abin da ya fi damuna, wanda mutanenmu ba su kula da shi, zafi ne. Afrilu da Mayu nan garin ana wuce digiri 40, sai ka ga yaro ya jona caji yana kallon TikTok, wayar cikin roba mai kauri, har ba ta taɓuwa. Ita da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, kuma zafin nan shi ke cinye batir da wuri. Batir in ya gaji baya iya ba da ƙarfi lokacin da ake buƙata. Ba zancen teburin mai shayi ba ne, Apple da kansu sun amsa a 2017 cewa suna rage gudun iPhone masu tsohon batir don kar su riƙa mutuwa haka kawai, har Faransa ta ci su tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda ba su gaya ma mutane ba.

Kwamfuta ma haka, ƙurar hunturu ke toshe fanka. A buɗe a hure, kuma in tsohon disk mai juyawa gare ta a sa SSD, wato disk marar juyawa mai sauri, za ka sha mamaki.

Don Allah kar ka sa aplikasiyon ɗin nan masu cewa suna wanke waya su ƙara mata gudu, talla ce kawai suke cika ka da ita, su ma RAM suke ci. Kuma kar ka yi saurin kai ta kasuwa ka saida da araha, yi waɗannan tukuna. In ka ga bayanta ya fara ɗagawa kuwa batir ne ya kumbura, daina caji yau ɗin nan ka kai a canza.